Ciwon gawut da hoton asibiti: tambayoyin da ake ta maimaita mini

Mene ne gawut?

Amosanin gaɓɓai ne da ke tasowa idan sinadarin yurik asid ya yi yawa a jini har ya daskare a cikin gaɓa, ya zama ƙananan ƙwayoyi masu tsini kamar allura. Galibi babban yatsan ƙafa yake fara kamawa, kuma cikin dare.

An yi mini hoton ƙashi, ba a ga komai ba. Na tsira ke nan?

Ba haka ba ne, kuma na gaji da ganin mutane suna daina zuwa asibiti saboda wannan takarda. Hoton eksire ƙashi yake nunawa, gawut kuwa ba ya cin ƙashi sai bayan shekaru.

Me ya sa aka tura ni sikanin, alhali masu juna biyu na san ana yi wa?

Na'urar ɗaya ce. A kan gaɓa takan nuna farin layi kwance a saman guringuntsi, ban da layin ƙashin da ke ƙarƙashinsa, wato layi biyu, da kuma dunƙulen yurik asid da bai fito fili ba tukuna. Ba ta da tururin da ke cutarwa irin na eksire, saboda haka ka kwantar da hankalinka.

Ƙafata ta kumbura, tana zafi, amma jini ya nuna yurik asid daidai, sikanin ma bai fayyace ba. Me zan yi?

A nan ba zan yanke hukunci daga nesa ba. Yurik asid na iya sauka a jini daidai lokacin da ciwon ya tashi, shi ya sa akan maimaita gwajin bayan mako 2 ko fiye da lafawarsa. Sikanin kuma ya dogara da ƙwarewar mai riƙe da na'urar, kuma a tashin farko ƙwayoyin na iya yin kaɗan har su ɓuya. Akwai wani nau'in hoton siti (CT) mai amfani da ƙarfin eksire iri biyu, ana kiransa DECT, wanda ke bambance yurik asid da launi, kuma tun 2015 ƙungiyoyin likitocin gaɓɓai na Amurka da Turai suka sa shi tare da sikanin cikin ma'aunin tantance gawut. Sai dai yana da tsada, ba kowane asibiti ke da shi ba, kuma shi ma yakan kuskure a farkon ciwo. Hanyar da ta fi tabbas ita ce a zuƙo ruwan gaɓar da allura a duba da madubin likita. Idan kuwa akwai zazzaɓi, ko ciwon suga, kada ka jira mako 2 ɗin nan: ƙwayoyin cuta a cikin gaɓa suna kama da gawut matuƙa, suna iya lalata ta cikin kwanaki, kuma babu hoton da zai tabbatar cewa ba su nan. Wani lokaci ma su biyun kan haɗu a gaɓa ɗaya.

Tsoron allurar nake ji.

Minti kaɗan ne, kuma akan kashe zafin wurin tukuna. Shan maganin kashe zafi irin dikulofenak daga kemis wata da watanni ya fi ta haɗari ga ƙodarka.

Sai na riƙa maimaita hoton?

Yawanci a'a. Jini ake bibiya, a riƙe yurik asid ƙasa da miligiram 6 a kowace desilita.