Marubuta Mata a Adabin Ɓoye

Adabin ɓoye shi ne rubutun da ake yaɗawa ba da izinin hukuma ko hannun manyan kamfanonin ɗab'i ba, ko don an haramta shi, ko don ya bijire wa abin da jama'a suka saba. A ƙarni na 20 mata sun yi rubutu a wannan fage, kuma sun ɗauki wahalarsa: buga keken rubutu, kwafa, hadda da rarrabawa.

A Tarayyar Sobiyet ana kiran irin wannan rubutu samizdat. Tun daga 1935 Anna Akhmatova ta fara tsara waƙoƙinta na Requiem, a kan matan da ke layi a ƙofar kurkuku suna neman labarin 'ya'yansu da mazajensu. Ajiye takarda a lokacin kasada ce da rai, don haka takan rubuta baiti, aminiyarta Lydia Chukovskaya ta haddace, sannan a ƙone takardar. Ba a buga waƙoƙin a ƙasar ba sai 1987, shekara 21 bayan rasuwarta. Natalya Gorbanevskaya kuwa, a 1968 ta assasa mujallar ɓoye mai tattara labarin kame da shari'o'in siyasa. Sakamakonta shi ne tsarewa a asibitin masu taɓin hankali har 1972. A 1979 wasu mata a Leningrad, ciki har da Tatyana Mamonova, suka fitar da mujalla kan halin da matan ƙasar ke ciki; a 1980 aka kori jagororinsu daga ƙasar.

A Amurka dokar hana batsa ce sandar dukan. An kama Diane di Prima a 1961 saboda mujallar The Floating Bear da take shiryawa tare da LeRoi Jones, a 1966 kuma 'yan sandan San Francisco suka ƙwace littafin waƙoƙin Lenore Kandel daga kantuna. Duk da haka, idan ana zancen marubutan Beat, wato rukunin marubutan Amurka masu bijire wa al'ada da di Prima da Kandel ke ciki, maza irin su Jack Kerouac da Allen Ginsberg ake fara ambata. Tawayen bai kai ga raba suna daidai ba. Wannan ƙorafi ya fito fili a 1970, lokacin da mata suka karɓe jaridar ɓoye ta Rat da ke New York daga hannun maza, suka ci gaba da fitar da ita da kansu.