Farmi kaɗai ba ya mayar da direba malamin tuƙi

Yawancin direbobin Damagaram a tasha suka koyi mota. Yaro ya fara da wanke ta da ɗaure kaya, ubangidansa ya riƙa ba shi kan mota a inda hanya ta miƙe, daga baya ya je ya nemi farmi, wato takardar izinin tuƙi. Hanyar ta fitar da gwanaye, ba wanda zai musa. Sai dai a idon doka wannan ubangidan ba malamin tuƙi ba ne, ko da ya shekara talatin tsakanin Damagaram da Agadas. Wanda ke son koyar da tuƙi ya zama sana'arsa, musamman tuƙin kariya, wato tuƙin hangen haɗari da kauce masa, wanda ƙungiyoyi da kamfanoni ke nema yanzu, ya kamata ya san takardu uku ne a gabansa, kuma kowace da aikinta.

Ta farko ita ce farmin kansa. Dokar hanya ta Nijar, mai lamba 2014-62 ta ranar 5 ga Nuwamba 2014, ita ce tushe. Farmi rukuni-rukuni ne: A na babur, B na ƙaramar mota wadda nauyinta da kaya bai wuce kilo 3,500 ba, C na manyan motocin kaya, D na motocin ɗaukar fasinja masu yawa, E na masu jan tirela. Mutum ba ya koyar da abin da shi kansa ba a ba shi izinin tuƙawa ba. Mai farmin B ba zai zauna kusa da mai koyon tanka ba, komai wayonsa.

Ta biyu ita ce shaidar malanta, wadda ke mayar da direba monita, kamar yadda ake ce musu a oto-ekol, makarantar koyon tuƙi. Nan ne mutane suka fi ruɗewa. Farmi yana cewa ka iya tuƙi. Shaidar monita tana cewa an horar da kai, an jarraba ka, an ga ka iya sa wani ya iya. Harkar tana ƙarƙashin ma'aikatar sufuri, kuma ba Nijar kaɗai ta tsara ta haka ba: ƙungiyar UEMOA, ta ƙasashe takwas masu amfani da sefa, ta fitar da umarni mai lamba 15 a shekarar 2009 kan yadda za a tsara horon neman farmi a ƙasashenta, don kada kowace ta bi son ranta.

Ta uku ta makaranta ce. Buɗe oto-ekol yana buƙatar amincewar hukuma daban, da ɗakin koyar da kod, wato dokokin hanya, da mota mai birki da kulocin biyu, ɗaya gaban ɗalibi ɗaya gaban malam, da asirans da bizit ɗinta, wato takardar duba lafiyar mota. Monita na iya aiki a makarantar wani bai mallaki ko taya ba, kuma yawancinsu haka suke farawa.

Birki da kulocin nan na gefen malam sun cancanci a tsaya a kansu. Ka duba monita a rampuwan da yamma, lokacin da kabu-kabu da adaidaita da amalanken jaki suka haɗu da ƴan makaranta. Ɗalibi ya ƙanƙame kan mota, idonsa a kan hancinta kawai. Malam kuwa ƙafarsa na shawagi a kan birki, idonsa ɗaya a madubi, ɗaya a kan tayar gaban babur ɗin da ke shirin kutsowa ta dama, bakinsa na faɗin "sassauta, bar shi ya wuce" tun ɗalibin bai ga babur ɗin ba. Dalilin da ya sa ake sa wa malam nasa birkin ke nan. Ɗalibi bai da farmi, don haka nauyin abin da motar ta yi yana kan wanda ke gefensa, kuma ba a ɗora wa mutum nauyin motar da bai da hanyar tsayar da ita.

To ina tuƙin kariya ya shigo? Ba wani rukunin farmi ba ne, ƙarin ilimi ne a kan wanda ake da shi. A Amurka aka fara tsara shi a matsayin darasi, tun wajen shekarun 1950 da 1960, amma ruhinsa yana cikin dokar hanya da kanta. Yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan dokokin hanya da aka yi a birnin Vienna a 1968, wadda Nijar ke cikin masu bin ta, ta wajabta wa direba ya kasance mai iko da motarsa a kowane lokaci, ya daidaita gudunsa da yanayin hanya, ya bar tazarar da za ta ishe shi tsayawa in na gabansa ya taka birki ba zato. Tuƙin kariya shi ne mayar da waɗannan kalmomi ɗabi'a.

Lissafinsa ba wuya. Mota mai gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a daƙiƙa guda, kuma kusan daƙiƙa guda mutum ke ɗauka tsakanin ganin haɗari da taka birki. Wato kafin birki ya fara aiki ma an ci mita 25. In gudu ya ninka biyu, nisan da birki ke buƙata yana ninka huɗu. Shi ya sa ake koyar da tazarar daƙiƙa biyu: na gabanka ya wuce wata bishiya, ka ƙirga ɗaya, biyu, kafin kai ka iso ta. A ganina biyun nan ta ƙasar da hanya ke da shinge ce. A hanyar Tanut, inda tankokin matatar SORAZ ke kai da kawowa tun 2011, ga yashi yana hawa kwalta, ga raƙuma, ga hazon hunturu, malamin kirki zai ce uku ko huɗu. Haka hanyar Mirriya ranar Lahadi, ranar kasuwa, ko hanyar Matamai da daddare, inda amalanke ba ya da fitila.

Abin lura shi ne takardar da ake bayarwa bayan horon kwana biyu ko uku na tuƙin kariya shaidar halarta ce. Tana da amfani wajen neman aikin direba a ƙungiyoyin agaji, domin da yawansu suna tambayar ta. Amma ba ta maye gurbin farmi, ba ta kuma ba mutum izinin tara ɗalibai ya karɓi kuɗinsu ya ce zai kai su jarrabawa. Duk wanda ya ce maka da ita kaɗai ka zama monita, ka tambaye shi wace hukuma ta amince da shi kafin ka zaro jika ko ɗaya.

Akwai kuma batun harshe. Da Faransanci aka rubuta dokar, alhali galibin masu zuwa koyo a nan da Hausa suke tunani. Tun Maris 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar. Monitan da ya iya bayyana wa dattijo ko matar aure dalilin ba na dama hanya, da Hausar da za su kama ba hadda ba, ya fi wanda ya haddace littafin kod daraja a wurin mai makaranta.

Mai niyya sai ya fara da ofishin sufuri na jiha a nan Damagaram, ya tambayi sharuɗɗan da ke aiki a yanzu da lokacin horo. Ya tafi da farminsa, ya kuma tanadi takardun da kowane dosiye ke nema: ta haihuwa, ta zama ɗan ƙasa, ta likita, hotuna, da takardar kotu mai nuna ba a taɓa ɗaure shi ba. Wannan ta ƙarshe wata uku kawai take aiki, don haka ita ake cirowa daga baya, in sauran sun kammala.