Makiyayin haya ma ma'aikaci ne: abin da dokar ƙwadago ta Mongoliya ta tanada

A Mongoliya talauci yakan bi ta kan dabbobi ya shigo gida. Idan hunturun nan mai tsanani da suke kira zud ya sauka, ƙanƙara ta rufe ciyawa, mutum sai ya wayi gari garkensa ya ƙare. A hunturun 2023 zuwa 2024 kaɗai dabbobi sama da miliyan 7 suka mutu. Wanda ya rasa garke hanya biyu ce gabansa: ko ya kwashe tantinsa ya kafa a unguwannin bayan garin Ulan Bator, babban birnin ƙasar, yana neman aikin lebura, ko ya koma yi wa mai dukiya kiwo. Ƙididdigar 2022 ta nuna kashi 27.1 cikin ɗari na jama'ar ƙasar suna cikin talauci.

Dokar ƙwadagon da majalisa ta zartar a Yulin 2021, ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2022 a madadin ta 1999, ta kula da wannan mutum na biyu. Ta ambaci mataimakin makiyayi ƙarara, shi da mai aikin gida, ta sa su cikin ma'aikata.

Ga ma'anar hakan a ƙasa. A da, mai garke yana iya sallamar makiyayinsa da 'yan tumaki, da nama, da buhun fulawa, ya ce an biya. Yanzu abin da za a bayar na kaya ko dabba ba zai wuce kashi 30 cikin ɗari na albashi ba, kuma sai da yardar makiyayin. Sauran kuɗi ne. Giya da taba ba sa shiga lissafi ko kaɗan. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: tunkiyar da aka ba ka a kaka tana iya mutuwa kafin bazara, kuma mai garke ne yakan yanka mata farashi. Albashin kansa bai kamata ya gaza mafi ƙarancin albashi na ƙasa ba, wanda ya tashi daga tugrik (kuɗin Mongoliya) 550,000 a wata a 2023 zuwa 660,000 a 2024, sannan 792,000 daga Afrilun 2025.

Rashin takarda ba ya kore haƙƙi. Da zarar mutum ya kama aiki, doka ta ɗauke shi ma'aikaci, kuma wajibi ne uban aiki ya rubuta yarjejeniya cikin kwanakin aiki 10. Gwaji wata 3 ne, ana iya ƙara shi sau ɗaya. Yarjejeniyar wa'adi da aka yi ta sabuntawa har ta haura shekara 2 ta zama ta dindindin, wanda ya toshe dabarar riƙe mutum shekara da shekaru a matsayin na wucin gadi.

Awannin aiki 40 ne a mako, kada su wuce 56 har da ƙarin lokaci, wanda ake biya ninki ɗaya da rabi. Masu aikin ma'adinai a nesa da gida, irin na hamadar Gobi, kwana 14 a bakin aiki, kwana 14 hutu. Kuɗin sallama kuwa, idan an soke gurbin mutum ko an rage ma'aikata, yana farawa daga albashin wata 1 ga wanda ya yi wata 6 zuwa shekara 2, ya kai na wata 4 ga wanda ya yi shekara 10 ko fiye.

Inda abin yake tsinkewa shi ne wa'adin kai ƙara. Wanda aka kora kwana 30 kawai gare shi, sauran ƙorafe-ƙorafe kamar riƙe albashi kwana 90. Idan wurin aiki ba shi da kwamitin sasanci, sai a je na gunduma, inda gwamnati da ƙungiyar ƙwadago da masu ɗaukar aiki suke zama tare. To makiyayin da ke mashekarin hunturu, tafiyar yini guda daga hedikwatar gunduma, wa zai bar wa tumakin? Sau da yawa ma mai garken kawunsa ne ko surukinsa, kunya ta hana shi buɗe baki har wa'adin ya wuce. Shi ya sa ranar kama aiki, adadin albashi, da farashin kowace dabbar da aka bayar a madadin kuɗi suke bukatar shiga takarda tun ranar farko, kowa ya sa hannu ya riƙe kwafinsa.