Yanayin Abu da Yadda Zafi Ke Sauya Shi

Yanayin abu shi ne siffar da abu ke ɗauka gwargwadon zafin da ke jikinsa da matsin da ke kansa. Uku aka fi sani: daskararre, kamar dutse da ƙanƙara, mai ruwa-ruwa, kamar nono da kananzir, sai gas, kamar tururi da iskar da muke shaƙa. Akwai na huɗu, filasma, wato gas mai ɗauke da cajin lantarki, wanda shi ne jikin rana da taurari, shi ake kuma gani a walƙiya. Irving Langmuir na Amurka ne ya raɗa masa suna a 1928.

Kowane abu an gina shi ne da ƙwayoyin zarra waɗanda ido ba ya gani, kuma kullum cikin motsi suke. A daskararren abu suna riƙe da juna kam-kam, sai dai su yi ta karkarwa a inda suke. A mai ruwa-ruwa riƙon ya yi sako-sako, suna zamewa a kan juna, shi ya sa nono ke bin siffar ƙwaryar da aka zuba shi. A gas kuwa sun rabu, kowace ta kama gabanta. Lita ɗaya ta ruwa idan ta tafasa ta ƙare, tururinta kan cika wurin lita kusan 1,700. Zafi shi ne ƙarfin da ke ƙara wa ƙwayoyin nan motsi har riƙon ya kwance.

Narkewa

Kowane abu da matakin da yake narkewa. A ma'aunin Salsiyos, mai ɗauke da sunan Anders Celsius na Suwidin wanda ya tsara shi a 1742, ƙanƙara na narkewa a digiri 0, dalma a 327, alminiyam a 660, zinariya a 1,064, baƙin ƙarfe kuma sai 1,538. Man kaɗe bai da nisa: da hunturu sai an sa yatsa an ƙwaƙulo shi, amma a watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, sai a tarar ya zama ruwa a kwalba.

Wanda ya taɓa tsayawa a Maƙera Assada, unguwar maƙera a Sakkwato, ya ga bambancin laushi da narkewa. Maƙeri na tura ƙarfe cikin gawayi, yaro na zuga, ƙarfen ya yi jajir, a ɗora shi bisa uwar maƙera a yi ta duka har ya zama fartanya. Duk wannan yana nan a daskare, laushi kawai ya yi. Masu zubin tukwane kuwa narkar da tsofaffin gwangwanaye da tarkacen alminiyam suke yi har su koma ruwa mai ƙyalli, su kwarara cikin ramin yashi, in ya huce ya fito tukunya. Wutar gawayi na isa wannan cikin sauƙi saboda matakin alminiyam bai kai rabin na ƙarfe ba.

Ɓoyayyen zafi

Nan ne cibiyar maganar. A sa ƙanƙara a tukunya bisa wuta, a tsoma ma'auni: muddin da sauran ƙanƙara ana motsawa, ma'aunin na nan a digiri 0, alhali wuta na ci. Haka ma ruwa in ya tafasa, ko an ƙara itace goma ba zai wuce matakinsa ba, sai dai ya yi saurin ƙonewa. Zafin da ke shiga a lokacin yana tafiya ne wajen kwance riƙon ƙwayoyin, shi ake kira ɓoyayyen zafi. Joseph Black, malami a Jami'ar Gilasgo ta Sikotilan, shi ya bayyana wannan wajajen 1761.

Yawansa ba kaɗan ba ne. Narkar da kilo ɗaya na ƙanƙara na cin kilojul 334 (kilojul ma'aunin yawan zafi ne), daidai da abin da zai ɗaga kilo ɗaya na ruwa daga digiri 0 zuwa kusan 80. Mayar da kilo ɗaya na tafasasshen ruwa tururi kuma na cin kusan kilojul 2,260. Dalili ke nan ƙunar tururi ta fi ta ruwan zafi muni, domin da ya taɓa fata ya koma ruwa, sai ya sauke mata duk zafin da ya ɗauko.

Randa ma da wannan take aiki, kuma ta cancanci a jinjina wa waɗanda suka fara gina ta. Jikinta na yumɓu yana da ƙananan ƙofofi, ruwa na tsattsafowa waje, iska ta kwashe shi. Kowane ɗigon da ya tashi da zafin ruwan ciki yake tafiya. Sai mutum ya shigo da tsakar rana maƙogwaro a bushe, ya ɗaga faifai, ya nutsa moɗa, ya ji sanyi har haƙori. Randa ta fi sanyi da rani saboda busasshiyar iska ta fi ɗaukar laima. Da damina sai ta rage. Gumin jiki haka yake sanyaya mutum. A kan wannan hikima Mohammed Bah Abba, malami daga Jigawa, ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana tumatir da alayyafo, har ya samu kyautar Rolex a 2000.

Ƙafewa, tafasa da matsi

Ƙafewa daga saman ruwa take faruwa, a kowane irin zafi, kamar yadda shanya ke bushewa ko ruwan madatsar Goronyo ke raguwa da bazara. Tafasa kuwa har cikin ruwan take, kuma matsin iska ke yanke matakinta: digiri 100 a bakin teku, kusan 99 a Sakkwato, wajen 96 a Jos saboda tudu. Gas ɗin girki ma ruwa ne a cikin tukunyarsa, matsi ya riƙe shi. A girgiza ta a ji yana motsi, sai an buɗe yake zama gas.

Idan zafi ya fita, komai na juyawa baya. Tururi ya zama raɓa a kan ciyawar fadamar Rima da asuba, ko gumi a jikin kofin zoɓo mai sanyi, ko girgije. Ruwa in ya daskare yakan kumbura da kusan kashi 9 cikin ɗari, saɓanin yawancin abubuwa, shi ya sa ƙanƙara ke yawo a saman ruwa, cikakkiyar kwalba kuma ke fashewa a firji. Kafur tsallake matakin ruwa yake yi: a ajiye shi a akwatin tufafi, ya yi ta ƙanƙancewa har ya ɓace, ba tare da ya jiƙa komai ba.

A duk waɗannan sauye-sauye abun na nan yadda yake, ƙanƙara da tururi duk ruwa ne. Ƙonewar itace zuwa toka, ko gasa dutsen farar ƙasa a masana'antar siminti ta Kalambaina, wani babi ne daban, na sinadarai, domin sabon abu ke fitowa, kuma sanyi ba ya mayar da shi yadda yake da.