Waiwaye: Wa ke tallabe iyali a Zariya kafin yaro ya faɗa hannun hukuma?

A shekarar 2018 jihar Kaduna ta kafa dokarta ta kula da walwalar yara da kare su, shekara 15 bayan gwamnatin tarayya ta yi tata a 2003. Amma har gobe, in aka ɗauko maganar yaran da ke cikin hatsari, hankali kan tafi ne ga abin da hukuma za ta yi bayan ɓarna ta auku: a kwashe almajirai, a rufe gidan mari, a miƙa jaririn da aka tsinta gidan marayu, a gurfanar da uba gaban alƙali. Ba a cika tambayar me ya faru a gidan su yaron kafin a kai ga haka ba, lokacin da buhun masara ko zama guda gaban mai unguwa zai iya tsayar da maganar. Tambayar tana da dogon tarihi a ƙasar Zazzau.

Kafin a san ofishin jin daɗin jama'a, riƙo ne ya ɗauke wannan nauyi. Yaro a ƙasar Hausa bai taɓa zama na mutum biyu kaɗai ba. Ɗan fari, saboda kunya, sau da yawa wajen kakanni yake tashi. In an tashi yaye, ɗakin kaka ko na gwaggo ake kai shi, wani lokaci ma daga nan bai sake dawowa ɗakin uwarsa da zama ba. Matar da Allah bai ba haihuwa ba, ɗan'uwanta kan ɗauki 'ya ya ba ta, ta raine ta har ta kai ta ɗakin miji. A nan ƙasar Zazzau aka rubuta ɗaya daga cikin shaidun da suka fi bayyana wannan. Tsakanin 1949 da 1950 Mary Smith, matar masanin nan M. G. Smith da ke bincike a lardin Zariya, ta rubuta tarihin rayuwar wata tsohuwa mazauniyar Giwa, aka buga shi a 1954 da sunan Baba of Karo. Baba ba ta haihu ba, amma ɗakinta bai rabu da 'ya'yan riƙo ba. Abin da ya sa hakan ya yiwu kuwa gandu ne: uba da 'ya'yansa da ƙannensa suna noma gona ɗaya, suna ci daga rumbu ɗaya. Ƙarin baki guda a irin wannan gida ba abin da za a zauna shawara a kansa ba ne.

Fiƙihun Malikiyya, wanda alƙalan Zazzau ke hukunci da shi kuma har yau ake karanta littattafansa irin su Risala da Muhtasar a zaurukan birni, ya shimfiɗa wa abin ƙa'ida. In aure ya mutu, uwa ce ta fi cancantar renon ɗanta, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji. In uwa ta yi wani auren, reno ya koma ga kaka ta wajen uwa, sannan 'yar'uwar uwa, kafin a juyo ɓangaren uba. Ciyarwa da tufatarwa kuwa suna wuyan uba ko a hannun wa yaron yake. Musulunci ya hana a jingina yaro ga wanda ba ubansa ba, kamar yadda ya zo a Suratul Ahzab, amma ya kwaɗaitar da ɗaukar nauyin maraya. A gefe guda ga mai unguwa, ga dagaci, ga hakimi, har zuwa fada. Rigimar gida sai ta bi ta hannun waɗannan kafin ta kai gaban alƙali, kuma da yawa a zaure take mutuwa.

Kada dai a ɗauka zamanin da babu kuka. Al'ada ta sha take fiƙihu, uba ya karɓe ɗansa da an yaye shi ya miƙa wa kishiyar uwa. An san 'yar riƙon da ita ce ta farko a tashi, ta ƙarshe a kwanciya, ita ce talla, ita ce wanke-wanke. Gorin da ake yi wa agola ba yau aka fara shi ba. Abin da za a iya faɗa shi ne, yaro yana da wanda za a tuhuma a kansa, kuma unguwa ta san wanene.

Gidan da hukuma ke tara yara a ciki da Turawa ya zo. A farkon mulkinsu sun buɗe gidan 'yantattun bayi a Zungeru, inda ake ajiye yaran da aka ƙwato daga hannun fataken bayi ba a san garuruwansu ba. Dokar yara da matasa da aka yi wa Legas a 1943 ta iso Jihar Arewa a 1958, kuma abin da ta fi dubawa shi ne yaron da ya yi laifi, ko ya gagari iyaye, ko aka same shi yana gararamba. Daga wannan tunani aka samu gidajen horon kangararrun yara, da makarantar horon matasa masu laifi ta Kaduna. Wato tun daga tushe, ƙofar da gwamnati ta buɗe wa yaro ƙofar laifi ce. Ana nan kuma aka zare kotunan alƙalai daga hannun En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, a ƙarshen shekarun 1960, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa raba sarakuna da baitulmali. Mai unguwa ya ci gaba da sanin gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba, amma ba shi da asusun da zai taɓa.

A ƙasashen da aka fi yin wannan muhawara, matsalarsu wata ce daban. Can hukuma ce ke zuwa da takarda ta ɗauke yaro. Tun a 1909 wani taro da shugaba Theodore Roosevelt ya kira a Amurka ya yanke cewa talauci kaɗai bai isa a raba yaro da gidansu ba. Sai da Amurkawa suka sake rubuta wannan a dokar 1980, wadda ta ce a yi iya ƙoƙari kafin a cire yaro, sannan a 2018 suka yi dokar da ta ba da damar kashe kuɗin tarayya wajen maganin shaye-shaye da taɓin hankali da koyar da tarbiyya ga iyaye tun yaro yana gida. Ingila ta ɗora wa ƙananan hukumominta irin wannan nauyi a dokar yara ta 1989, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta maimaita ƙa'idar a 2009. Dokarmu ta 2003 ma ta ɗora wa gwamnatocin jihohi tallafa wa yara mabuƙata su tashi cikin iyalansu. Sai dai jihohin Arewa sun shafe shekaru suna ja-in-ja da dokar a kan shekarun aure, wannan sashe kuwa ba wanda ya ɗaga murya a kansa.

A Zariya ba ma'aikacin gwamnati ne ke raba yaro da gida ba. Yunwa ce, da saki, da mutuwa, da shaye-shaye. Kuma inda yaron ke faɗawa ba kasafai yake zama gidan gwamnati ba: tasha ce, ko bakin kasuwar Sabon Gari, ko aikatau a gidan masu hali, ko wata tsangaya a garin da uban bai taɓa takawa ba. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya ƙaramin ma'aikaci. Jirgin ƙasan da ya raya Sabon Gari ya durƙushe, masaƙun Kaduna da ke sayen audugar manoman Zazzau suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Gandu ya watse, gado ya yayyanka gonaki. A 'yan shekarun nan 'yan bindiga sun koro mutanen ƙauyukan Giwa da Birnin Gwari, da yawa sun raɓe wajen dangi a gefen gari. Cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ya zo ya tarar da gidajen da dama can da ƙyar suke.

A duba yadda abin ke faruwa a gida guda. An saki mace da 'ya'ya uku, ta koma gidansu a Tudun Jukun ko Gyallesu, ɗaki ɗaya da tsohuwa. In ta daure ta kai ƙara, alƙali zai yanka wa uban kuɗin ciyarwa. Zai ce, "Allah ya gafarta Malam, na ji na karɓa." Wata na farko ya kawo, na biyu ya aiko da rabi, na uku waya a kashe. Komawa kotu kuɗin mota ne da wunin da ba a yi sana'a ba, ga surutun dangi cewa ta kai uban 'ya'yanta ƙara. Idda ta cika, manemi ya fito, amma ya ce shi ba zai riƙe 'ya'yan wani ba. Sai yaran su zauna hannun kaka, wadda jarinta bai wuce kwanon wake da man suya ba. Babbar ta ɗauki tiren ƙosai da sassafe, makaranta sai ranar da aka sayar da wuri. Na tsakiyan, wani kawu ya ce, "Inna, ki bari in kai shi wajen malaminmu, ya yi karatu ya rage miki baki." Babu mugu a cikin waɗannan mutane in ban da uban, shi ma wataƙila babur ɗin da yake haya da shi aka karɓe. Amma yara uku sun bar gida ba tare da sunansu ya shiga littafin kowace hukuma ba.

Sai abin ya fashe ake ganin gwamnati. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa suka fito da mutum fiye da 300, ciki har da ƙananan yara, wasu da mari a ƙafa. Wata mai bi aka kai irin wannan samame a Daura da nan Zariya. Abin da ya fi ɗaure kai a labarin shi ne, da yawansu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi. Uwar da ɗanta ya fara shan kodin da ƙwaya, yana sayar da kayan ɗakinta, ina za ta nufa? Asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa da nisa, da tsada, da kunyar a ce ɗanta mahaukaci ne. Rufe gidajen daidai ne, azabar da aka gani ba ta da uzuri. Amma buƙatar da ta cika su tana nan.

A 2020, lokacin korona, gwamnonin Arewa suka amince kowa ya mayar da almajirai jihohinsu. Kaduna ta kwashi dubbai a motoci ta tura, ta karɓi nata, wasu ma an same su da cutar. An miƙa yara ga iyayensu, an gargaɗe su. Gidan da yaro ya koma kuwa shi ne gidan da ya kasa ciyar da shi tun farko. Duk mai wucewa ta Kwangila ko Kofar Doka yau ya san yadda aka ƙare.

Ba a rasa yunƙurin da ya kusanci tushen matsalar ba. Ciyar da 'yan firamare da jihar Kaduna ta fara a farkon 2016 ya cika azuzuwa, wanda ya nuna ƙarara abin da ke hana yara zuwa. Shirin tarayya na ba gidajen talakawa naira 5,000 a wata shi ma ya taɓa wasu. Amma ciyarwar ta yi ta tsayawa tana tashi, kuɗin kuma hauhawar farashi ta cinye su, a Janairun 2024 ma aka dakatar da shirye-shiryen na wani lokaci bisa zargin almundahana. Makarantun tsangaya na zamani da gwamnatin Jonathan ta fara buɗewa a Sakkwato a 2012, da hukumar almajirai da aka kafa a 2023, duk yaron da ya riga ya bar gida suke kallo.

A ganina wurare biyu ne aka fi sakaci da su, kuma ba su ne mafi tsada ba. Na farko, bin kuɗin ciyarwa da kotu ta yanka, ta yadda ba sai matar ta yi ta safa da marwa ba. Na biyu, kakar da ke riƙon jikoki. Ita ce ke yi wa gwamnati aikin gidan marayu kyauta, ita ce kuma ake tsallakewa in an zo rabon zakka ko rubuta sunaye, don yaran da ke hannunta ba marayu ba ne, ubansu yana raye. Masu unguwanni da limaman masallatan unguwa da matan Islamiyya sun san waɗannan gidaje ɗaya bayan ɗaya. A yanzu dai an fi neman mai unguwa in an tsinci jariri ko in 'yan sanda sun zo kama yaro, ya zo ya tsaya shaida.