Me ke tsaga ƙarafan allunan manyan hanyoyi a Amurka, kuma yaya ake gyara su?

A manyan hanyoyin Amurka akwai allunan nuna hanya da ake ratayawa a kan dogayen bututun alminiyam, waɗanda aka haɗa da walda suka gitta titi daga gefe zuwa gefe. Motoci na bi ta ƙarƙashinsu dare da rana.

Me ya sa aka zaɓi alminiyam tun farko?

Nauyinsa kusan kashi ɗaya bisa uku ne na baƙin ƙarfe, kuma ba ya tsatsa irin tasa. Ɗagawa da kafawa sun zo da sauƙi.

To ina matsalar take?

A bakin walda. Nau'in alminiyam da aka fi amfani da shi, 6061-T6, da zafi aka gasa shi ya yi ƙarfi, kuma zafin walda na warware wannan gashin. Duk wurin da ke tsakanin kimanin milimita 25 daga layin walda yana iya rasa kusan rabin ƙarfinsa. Sai kuma iska ta zo. Duk tirelar da ta wuce da gudu tana turo iska ta girgiza allon, ga iskar gari ba ta hutawa. Kamar dai wayar da ake ta lanƙwasawa ana miƙewa, wata rana sai ta karye. A jihohi masu sanyi kuma ruwa kan shiga bututun, ya daskare, ya fasa shi daga ciki.

Yaya ake gano tsagewa?

Dole injiniya ya hau har sama ya duba kowace mahaɗa ido da ido. A ganina nan ne kuɗi ya fi cancantar kashewa, domin tsaga mai kaurin gashi ba ta ganuwa daga ƙasa. Gwajin maganaɗisu da ake gano tsaga da shi a baƙin ƙarfe ba ya aiki a kan alminiyam, don haka ake shafa jan rini mai kutsawa cikin tsaga, a goge, a fesa farin gari. Inda rinin ya ɓullo, nan ciwon yake.

Me zai hana a sake yin walda kawai?

Sabon zafi na ƙara raunana wurin. Ga shi waldar alminiyam na buƙatar iskar gas mai kare ta, wadda iskar titi ke kwashewa, kuma sai an rufe hanya.

Mene ne mafita?

Wani lokaci a ɗaure wurin da maƙalar ƙarfe, wani lokaci a sauke ginin duka. Akwai kuma naɗi da zaren gilashi. A 2003 Farfesa Chris Pantelides na Jami'ar Yuta da abokan aikinsa suka wallafa gwajin da suka yi a kan tsagaggun mahaɗai: a kankare wurin, a wanke shi da sinadari, a naɗe da ƙyallen zaren gilashi mai gam, sannan a ja da inji har ya tsinke. Mahaɗan da aka naɗe sun ɗauki nauyin da ya zarce na masu walda da ba a ga tsaga a jikinsu ba. Sai dai naɗin na rufe tsagar daga ido, don haka mai dubawa na gaba sai ya san abin da ke ƙarƙashinsa.