Sayen kayan gonar sata a Legas: abin da doka ta ce da wanda ba ta ce ba

Duk sanda wata majalisar jiha ta ɗauko ƙudurin tsananta hukuncin satar amfanin gona ko dabbobi, sai saƙon murya ya cika wayoyin 'yan kasuwannin Mile 12 da Alaba Rago da Oko-Oba a Legas: wai duk wanda aka samu da buhun sata ko saniyar sata kisa ne, ko ya sani ko bai sani ba. Ba haka ba ne. Ƙuduri ba doka ba ne sai gwamna ya sa hannu, ko majalisa ta sake zartar da shi da kashi biyu cikin uku. Ko ya zama doka, iyakarsa jihar da ta yi shi. Wanda ya karɓi kaya a Legas, Dokar Laifuffuka ta Jihar Legas ce a kansa.

Ta shafi ɓarawon da ya tone rogo a Epe ko ya kwashe kifi a Ikorodu, da direba, da dillali, da mai saye. Sata zalla, a sashe na 287, ɗaurin shekara 3 ne. Karɓar kayan sata kuwa, a sashe na 328, tana iya kaiwa shekara 14, kamar yadda take a sashe na 317 na Final Kod, dokar laifuffuka ta Arewa. Mai saye ya fi ɓarawo shan ɗauri kenan, don ba domin kasuwa ba da ɓarawo bai wahala ba. Hukuncin kisa na fashi da makami ne, wanda dokar tarayya ta tanada, kuma wanda ya karɓi kayan fashin ɗaurin rai da rai ke jiransa.

Sharaɗin laifin shi ne sani. Dole mai gabatar da ƙara ya nuna ka san kayan na sata ne lokacin da ka karɓa. Amma kada wannan ya sa kowa ya saki jiki. Sashe na 167(a) na Dokar Shaida ta 2011 ya ba alƙali damar ɗauka cewa wanda aka samu da kaya jim kaɗan bayan an sace su, ko shi ne ɓarawon, ko ya karɓa da sani, sai fa in ya yi bayanin yadda suka zo hannunsa. Tumatir da albasa da dabbar yanka duk a 'yan kwanaki suke sauya hannu, don haka kusan kullum ɗan kasuwarmu a cikin wannan "jim kaɗan" yake. A ganina nan ne dokar ta yi wa mai cinikin baki da amana nauyi, domin ta fi sauƙi ga mai ajiye takarda.

Kotu ba ta shiga zuciyar mutum, alamu take dubawa: farashin da ya faɗi warwas ƙasa da na kasuwa, sauke kaya da tsakar dare a bakin titi, buhun da aka sauya, shaidar jikin saniya da aka ƙone ko kunnen da aka sake yankewa, mai sayarwa da ba wanda ya san shi. "Dillali ne ya kawo" ba bayani ba ne in ba ka iya kawo dillalin.

Bayanin da ke tsayawa shi ne takardar kasuwar da aka yi lodi, ko Potiskum ce ko Maigatari ko Zaki Biam, mai ɗauke da kwanan wata da yawan kaya da lambar mota. Cikakken sunan mai sayarwa da lambar wayarsa. Hoton dabba ta gefe biyu kafin a yanka. Da biyan kuɗi ta banki zuwa asusun mai wannan sunan, ba na yaronsa ba. Rasit marar suna ba ya kare kowa. A kuma guji cakuɗa kayan mutum biyu a tari ɗaya, don in ɗaya ya zama na sata ana iya riƙe duka a matsayin shaida.

In an zo kamu, doka ta hana a kama yaron shago ko ɗan'uwa a madadin mai gida, kuma sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki ya ce a kai mutum kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40. Kada a sa hannu kan bayanin da aka rubuta da Turanci sai an samu tafinta, an kuma karanta shi gaban lauya.